YADDA MAƘERAN AGADAS KE TSARA ABIN WUYA DA GYARA SHI

Duk wanda ya taɓa zuwa Agadas, a Jamhuriyar Nijar, ya san abin wuyan nan na azurfa mai zobe a sama da fikafikai biyu a gefe, wanda Abzinawa ke kira tanaghilt, Faransawa kuma suka laƙaba masa suna gicciyen Agadas. Akan ƙidaya irinsa har 21 a ƙasar, galibi kowane da sunan garin da ake danganta shi da shi, kamar Iferwan da Ingal da Tawa da Damagaram. Masu ƙera shi su ne inadan, wato maƙeran Abzinawa, waɗanda ke gadon sana'ar tun kaka da kakanni.

Abin da mai saye bai cika sani ba shi ne, bisa al'ada ba da azurfa ake fara aikin ba, da kakin zuma ake farawa. Maƙeri zai ɗumama kakin a gefen wuta har ya yi laushi, sa'an nan ya siffanta abin wuyan da yatsunsa da 'yar wuƙa. To, a nan ne ake yin kowace irin shawara. In zoben ya yi kauri a rage, in fiffike ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsawo a datse, in kuwa mai kayan ta zo ta ce bai yi mata ba, sai a dunƙule a sake, ba a yi asarar komai ba sai lokaci.

Da zarar an gamsu, sai a lulluɓe kakin da yumɓu, a bar 'yar kafa, a shanya. Bayan ya bushe a sa shi cikin garwashi, kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa. Cikin wannan gurbi ake zuba narkakkiyar azurfa. Tsantsar azurfa ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 962, saboda haka mai zuga ba ya hutawa. In ta huce dole a fasa yumɓun kafin a ga abin da ya fito, shi ya sa da wuya a sami guda biyu da suka yi daidai da juna sak.

Daga nan fa gyara ya zama mai tsada. Magagari yana ragewa, amma ba ya ƙarawa. Zanen da ake yi a fuskar abin wuyan da tsinken ƙarfe mai kaifi shi ma ba ya goguwa. In hannu ya zame, gwanin maƙeri yakan faɗaɗa zanen ya haɗiye kuskuren. In abin ya faskara sai a mayar da shi wuta, kuma kowace narkarwa da ɗan abin da take ci. A da, azurfar takan fito ne daga tsofaffin kuɗin Turai, musamman na ƙasar Ostiriya mai hoton Mariya Tariza, wanda aka yi ta bugawa da shekarar 1780, mai nauyin giram 28. Wanda ya narkar da dukiyar wani kuwa ba ya wasa da garin da ke zuba daga magagari, tattara shi yake yi.

Gyara mafi girma dai kasuwa ce ta tilasta shi. Farin 1973 zuwa 1974 ya karya arzikin makiyayan da maƙera suka dogara da su, da yawansu suka koma birane. A shekarun 1980 'yan yawon buɗe ido suka cika Agadas, har tseren motocin Faris zuwa Dakar yakan ratsa ta nan. Sai maƙera suka rage wa kayansu nauyi, suka mai da tanaghilt 'yan kunne da maratayin makulli, wasu suka shiga rubuta sunansu a baya da haruffan Tifinag. Ba duka sauyin ne ya yi kyau ba, domin gaggawa ta kawo na yankan faranti, marasa kauri, masu zanen shafa-shafa.

Tawayen 2007 ya kori baƙin, matan birni kuma da yawa sun karkata ga zinariya. Hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, amma wannan bai maido da masu saye kamar da ba, har ta kai wasu maƙeran suna ɗaukar kayansu zuwa Yamai da Turai neman ciniki.