Shawara Ga Mai Kwamfuta Fiye Da Ɗaya

A zamanin nan ba abin mamaki ba ne a ga mutum yana aiki da Windows a ofis, yana da Mac ko Linux a gida, ga kuma waya mai Android a aljihu. To, kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Saboda haka sai mutum ya nemi manhajar da za ta daidaita masa takardunsa da hotunansa, watau in ya gyara takarda a nan, ya tarar da gyaran a can. Mun ga ya kamata mu yi wa masu karatu bayani kaɗan kafin su zaɓa.

Da fari dai, a ƙirga na'urorin da a ke da su, sa'an nan a nemi manhajar da ta san hanyar gidan kowacce. Google Drive, wanda ya fito a 2012, yana ba da gigabayit 15 kyauta, amma a ciki har da wasiƙun Gmail. OneDrive na Microsoft da iCloud na Apple kowannensu 5 ya ke bayarwa. Duk ukun nan ba su yi wa Linux manhaja tasu ta kansu ba, iCloud kuwa har Android bai yi wa ba. Dropbox, wanda aka buɗe wa jama'a a 2008, ya haɗa da Linux, sai dai rabonsa na kyauta gigabayit 2 ne kurum, kuma tun 2019 ya ƙayyade wa mai kyauta na'urori 3.

Na biyu, mutum ya tambayi kansa a hannun wa takardunsa za su kwana. Waɗannan huɗun duka a rumbun kamfani su ke ajiya, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. A 2014 Ubuntu One ya rufe rumbunsa, Amazon Drive ma ya bi sahu a ƙarshen 2023, kowa ya kwashe nasa ya nasa. Wanda ba ya son haka, akwai Syncthing, wanda ke kai takarda daga na'ura zuwa na'ura ba tare da ta zauna a rumbun kowa ba, amma sai na'urorin biyu suna kunne lokaci guda. Akwai kuma Nextcloud, da aka kafa a Jamus a 2016, inda mutum ke gina rumbun kansa, ya kuma ɗauki wahalar gadinsa.

Na uku, shi ne wanda ya fi duka nauyi. Manhajar nan ɗan aike ce mai biyayya, ba ta tambayar dalili. In yaro ya taɓa waya ya share takardar fili ko rubutun shekara guda, nan da nan za ta share shi ko'ina. Dropbox da Google Drive su kan riƙe abin da aka share kwana 30. Wanda bai farga ba har wa'adin ya wuce, ya yi hasara.

Domin haka shawararmu ita ce, ko wacce mutum ya zaɓa, ya sami faifan ajiya dabam, ya riƙa kwafe muhimman takardunsa a ciki loto-loto, ya zare shi ya adana. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyashe mu da hasara, amin.