Harshe Guzurin Baƙo a Birnin Kwatano

Duk baƙon da ya sauka a Zangon Kwatano, ko daga Maraɗi ya fito ko Sakkwato ko Kumasi, abin da ke fara sanyaya masa rai shi ne jin Hausa a ƙofar babban masallaci da wurin mahauta. Sai ya ɗauka gida ya zo. Amma da zarar ya fita unguwa, zai tarar ba kowace ƙofa Hausa ke buɗewa ba.

Faransanci shi ne harshen hukuma a Benin. Da shi ake cika takarda a asibiti, da banki, da ofishin kwastan na tashar jiragen ruwa. A kasuwar Dantokpa kuwa, harshen Fon ne ya fi rinjaye, sai Gun da Yarbanci da Mina. Mutanen arewa, irin su na Malanville da Djougou, suna zuwa da Dendi, wanda mai jin Zabarmanci ba ya rasa gane shi.

Ko cikin Hausar akwai wurin tuntuɓe. Idan Banijare ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi, jika kuma sefa 1000, alhali Bakano da ya ji dala sai hankalinsa ya tafi ga kuɗin Amurka. Shawararmu ita ce a rubuta farashi da lamba a takarda ko a waya. Haka nan a yanke kuɗi da ɗan zemijan, wato mai acaɓa mai rawayar riga, tun kafin a hau. Gaisuwa ɗaya da harshen Fon kan sassauta ciniki fiye da doguwar jayayya.

Sauran nauyin yana kanmu, mu masu masauki. Tun zamanin fatake, maigidan Zango shi ne bakin baƙonsa da kunnensa. Kada mu bar marar lafiya ya je gaban likita ba tafinta, ko ɗan kasuwa ya sa hannu a takardar da bai san abin da ta ƙunsa ba. 'Ya'yanmu na samun Faransanci a makaranta, Fon kuma a titi. Hausa ce kaɗai sai mun ba su ita a gida. In ta kuɓuce musu, wa zai tarbi baƙon gobe?

Allah ya sa mu riƙe amanar baƙi, amin.