Daga Teku Zuwa Teku A Kan Keke

Mu dai a sanimmu, keke abin zuwa kasuwa ne da gona da makaranta. Amma a arewacin Ingila akwai wata hanya da mutane su ke bi da keke kwana da kwanaki, ba don fatauci ba, sai don ganin ƙasa da motsa jini. Ana kiranta Daga Teku Zuwa Teku. Wata ƙungiya mai suna Sustrans ce ta buɗe ta a 1994. Tsawonta wajen mil 140 ne, watau kusan nisan Kano zuwa Kaduna.

Ta tashi daga Whitehaven a bakin tekun yamma, ta ƙare a Sunderland ko Tynemouth a bakin tekun gabas. Al'adar mahaya ita ce su tsoma tayar baya cikin ruwa ran tashi, su tsoma ta gaba ran sauka. Yawancinsu daga yamma su ke farawa, domin daga can iska ta fi busowa, sai ta riƙa tura su ta baya. Tafiyar ta kan ci kwana uku zuwa biyar.

Da fari a kan ratsa ƙasar tafkuna ta wajen Keswick, a wuce Penrith, sa'an nan a tunkari duwatsun Pennine. Nan ne wahala ta ke. Hawan Hartside ya kai ƙafa 1,903 bisa teku, Black Hill kuwa da ke gaba ya fi shi tsawo kaɗan. Wanda ya taka feda da garaje tun daga gindin dutse, ya kan ƙare da turin keke. Mai hankali ya kan sa ƙaramar giya ya hau a hankali, gama sannu ba ta hana zuwa. A gangara kuma birki shi ne rai.

To, abin da ya kamata mu lura da shi, shi ne asalin hanyar. Ƙasar nan dā ta masu haƙar kwal ce da darma. Ma'adinan suka mutu, aka rufe babbar ma'aikatar ƙarfe ta Consett a 1980, dubban mutane suka rasa aiki, jiragen ƙasa suka daina bi. Da aka ɗebe dogo, ba a bar gurbinsa ya koma daji ba, aka gyara shi domin kekuna. Da ya ke jirgi ba ya iya hawan tudu mai tsini, tun asali an shimfiɗa hanyarsa a miƙe, har yaro ma ya iya bi.

Yau ƙauyukan da su ke kan hanya, irin su Nenthead da Allenheads, suna samun taro da sisi daga matafiyan nan, gama mai keke ba ya wuce gari a guje kamar mai mota. Dole ya ci, ya sha, ya yi faci, ya nemi masauki. Ashe abin da ya tsufa, in ya sami mai dabara, bai mutu ba.