Damina a Lambun Rainon Itatuwa

A wani ƙauye da ke arewacin Jihar Jigawa, dab da iyakar Nijar, akwai lambun rainon itatuwa da aka kewaye da waya da ƙaya. A cikinsa akwai rijiyar burtsatse, da rumfar zana, da dogayen layukan baƙaƙen ledoji, kowace da ɗan tsiro a kanta. Irin wannan wuri ne ake turo ɗaliban fannin gandun daji da aikin gona su koyi aiki a ƙarƙashin SIWES, shirin da hukumar ITF ta ɓullo da shi a 1973. Waɗanda zuwansu ya dace da faɗuwar damina su ne ke shan aiki.

Mai unguwa ne kan ba su masauki. Ana idar da sallar asuba sai lambu, domin dole a gama ban ruwa kafin rana ta take. Daga nan sai cika leda: ƙasar sama, da ruɓaɓɓen taki, da ɗan yashi, a cakuɗa da shebur a rairaye. In ka danna ƙasar da ƙarfi saiwa ta rasa hanya, in ka bar ta sako-sako leda ta kife da ruwan farko. Kafin mako ya zagayo, hannun da ya saba da biro ya yi kanta.

Kowane iri da halinsa. Ƙwayar bagaruwa da ta gawo ɓawonsu na da tauri, sai an jiƙa su a ruwan zafi sun kwana, ko an ɗan kankare bayansu, sannan su tsiro. Ƙwayar darbejiya kuwa ba ta son ajiya, in ta daɗe a buhu ta mutu. Lokaci-lokaci ana ɗaga ledojin ɗaya bayan ɗaya a datse saiwar da ta huda ta kama ƙasa. Idan dashe ya matso, sai a rage ruwa a janye inuwa, don tsiron ya saba da wahalar da zai tarar a fili.

Malamin daji ne ke sa hannu a littafin da ɗalibi ke rubuta aikinsa na kullum, amma ainihin karatun yana wurin tsofaffin leburori. Ɗalibi ya haddace sunan itace da Latin, shi kuwa tsohon lebura da ya dubi launin ganye zai ce maka ruwa ne ya yi yawa, ko kuwa gara ce ke ci ta ƙasa. Wanda ya sauke girman kai ya tsuguna kusa da shi, shi ke komawa makaranta da guzuri.

Da ruwa ya zauna, wajen Yuli zuwa Agusta, sai a loda tsirrai a amalanke a nufi fili. Ana dasa su layi-layi a gicciye da hanyar iskar hunturu, don su zama katanga tsakanin gonaki da rairayi. Jigawa na cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015.

Sai dai dashe kamar haihuwa ne, raino shi ne aikin. Kafin a kai amfanin gona rumbu, yawancin ɗaliban sun koma. Ba su nan lokacin da ake sakin awaki bayan girbi, ba su nan a watan Maris da Afrilu sa'ad da ƙasa ke ƙuna. Rahotonsu yana faɗin adadin da aka dasa, bai san nawa suka ga damina ta biyu ba.

Abin da ya fi buɗe idon ɗalibi shi ne gonakin ƙauyen, inda wasu manoma ke yin sassabin zamani irin na 'yan'uwansu a Maraɗi da Damagaram. Maimakon a sare duk tohon da ya fito daga tsohon kututture, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Saiwar ta riga ta yi nisa a ƙasa, ba ta neman leda ko ban ruwa. Tun daga shekarun 1980, an ƙiyasta cewa wannan dabara ta mayar da itatuwa a kusan hekta miliyan 5 a Nijar. Manomi ya fi barin gawo, domin da damina yake kakkaɓe ganyensa, inuwarsa ba ta danne gero, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne.

Ya kamata makarantu su riƙa turo rukuni na biyu da rani, su yi shinge, su yi ban ruwa, su ƙirga abin da ya rayu. A kuma ba ɗalibi maki kan itacen da ya tsaya da ƙafarsa, ba kan yawan ramukan da ya haƙa ba.