Ciwon Ƙodar Kyanwa a Sakkwato: Tsadar Magani da Abin da Ke Hannun Mai Gida

Idan kyanwar gida ta manyanta ta fara zarya tsakanin gindin randa da bakin famfo, tana lasar ruwan da ya ɗiga daga buta, mutanen gida kan ce ai zafin gari ne. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'aunin zafi a Sakkwato ke haura digiri 40, babu mai ganin laifin mai neman ruwa. Sai dai kyanwa ba mashayiyar ruwa ba ce. Tsatsonta daga kyanwar dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya yake, dabbar busasshiyar ƙasa wadda ke samun yawancin ruwan jikinta daga naman ɓera da tsuntsun da ta kama. Ƙodarta gwana ce wajen tattala ruwa. Ranar da aka ga tana sha ba ƙaƙƙautawa, tana fitsari mai yawa mara kauri, to akwai yiwuwar wannan gwanintar ce ta fara kuɓuce mata.

A cikin ƙoda akwai dubban ƙananan matatai da ke tace jini. Idan ciwon ƙoda ya kama, suna lalacewa ɗaya bayan ɗaya, wadda ta mutu kuma ba ta dawowa. Sauran su ke ɗaukar nauyin aikin, shi ya sa ciwon ke daɗewa a ɓoye. Sinadarin kiriyatinin da likita ke dubawa a jini ba ya hauhawa sosai sai kusan kashi uku cikin huɗu na aikin ƙoda ya tafi. A nan ne alamu ke bayyana: rama, gashi ya yamutse, ƙin abinci, amai, warin baki. Dasashi kan yi fari saboda ƙarancin jini, domin ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jini. Wata kyanwar kuma hawan jini ne zai makantar da ita cikin kwana ɗaya, a wayi gari tana karo da bango. Binciken likitocin dabbobi a Turai da Amurka ya nuna kimanin kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na kyanwoyin da suka haura shekara 10 suna ɗauke da wannan ciwo.

Sakkwato ba ta rasa masana ba. Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa na dabbobi, ga kuma asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha. Amma a ƙasar da arzikinta ke kan saniya da raƙumi da tunkiya da jar akuyar nan da fatarta ta yi suna a duniya, dole hankali ya fi karkata ga dabbar da ake kaiwa kara. Mai rago ya san abin da zai samu idan ragonsa ya warke. Mai kyanwa kuwa, da ya fito da ita cikin kwando zai fara jin, "Duk a kan mussa?"

Tambayar tana da nauyi, kuma bai kamata a yi mata wasa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, dalar da ke ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta zarce naira 1,500 a 2024. Abincin musamman na masu ciwon ƙoda, irin na Royal Canin da Hill's, daga waje yake zuwa, haka ma yawancin kayan gwajin jini. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. A wannan garin kuma akwai bayin Allah da ke sayar da gona don biyan kuɗin wankin ƙodar ɗan'uwansu. Magidancin da ya fifita cefanen iyali a kan abincin gwangwanin kyanwa bai yi laifi ba.

Laifin yana wani wurin, kuma yawancinsa ba na rashin kuɗi ba ne. Na farko shi ne ɗura wa kyanwa maganin mutane. Farasitamol guba ce gare ta, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Ibufurofen da dikulofenak, waɗanda ake saye a kowane kemis don ciwon jiki, kai tsaye suke dukan ƙoda. Allurar jentamaisin da masu yawon yi wa dabbobi allura ke ɗauke da ita ma tana lalata ƙoda, musamman a jikin da ruwa ya yi ƙaranci. Sai ragowar abinci. Miyarmu ba ta rabuwa da albasa, ita kuwa albasa tana farfasa ƙwayoyin jinin kyanwa, wadda dama jinin ya yi mata ƙaranci. Kan busasshen kifi da ƙashi da madara suna cike da sinadarin fosfaras, wanda raunanniyar ƙoda ba ta iya fitarwa, taruwarsa kuma ke hanzarta ciwon.

Abin da ke taimako shi ma ba duka ke da tsada ba. A ajiye ruwa mai tsabta a wurare biyu ko uku a inuwa, nesa da inda take bayan gida, a riƙa sabunta shi. A ba ta abinci mai ruwa-ruwa, dafaffen nama ba gishiri ba magi, likita ya tsara yawansa, domin kyanwa ba ta rayuwa da tuwo kaɗai. A riƙa tsungular fatar bayan wuyanta a ɗaga a saki: idan ta koma nan take, da sauƙi, idan ta tsaya a tattare tana komawa a hankali, jiki ya bushe. A irin wannan hali likita kan ɗaga fatar tsakanin kafaɗunta ya soka allura, ya sa mata ruwan jiki a ƙarƙashin fata. Wurin zai kumbura kamar ƙwan kaza, ya sace cikin 'yan sa'o'i, sau da yawa a ga ta tashi ta nemi abinci. Ciwon ba ya warkewa, amma kyanwar da aka gano nata da wuri tana iya ƙara shekaru cikin walwala. A ganina, idan kuɗin aljihu na abu ɗaya ne tak, gwajin jini da fitsari sau ɗaya ya fi cancanta da shi, don shi zai nuna matakin da ciwon ya kai cikin matakai huɗun da likitoci ke aunawa da su.

Abin da ba shi da uzuri shi ne a cusa kyanwa a buhu a kai ta bayan kasuwa a saki don ta rame ta daina kama ɓera. Sakkwato garin malamai ne. Ɗalibin da ya karanta Muwaɗɗa ta Imam Malik ya san an ɗauki kyanwa a matsayin 'yar gida mai tsarki, har ana alwala da ragowar ruwanta. Ya kuma san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ci ba sha.

Don haka mai tsohuwar kyanwa a gida, idan ka ga ƙishirwarta ta wuce yadda ka saba gani, kada ka jira damina ta sauka ka ga ko za ta daina. Ka kai ta wurin likitan dabbobi mai rajista, ka faɗa masa gaskiyar abin da za ka iya kashewa, ya tsara mata kulawa daidai ƙarfinka.