Kwana a Tsohuwar Unguwar Birnin Liyon

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga Maraɗi, ya aiko da takarda yana tambaya: wai gaskiya ne a Faransa baƙi kan bar sabon otal su je su kama ɗaki a gidan da ya shekara 500? Me suke nema a ciki?

To Alhaji, gaskiya ne. Bari mu ɗauki birnin Liyon. Tsohuwar unguwarsa tana matse tsakanin kogin Son da tudun Furbiyer, kuma kasuwa ce ta gina ta. A 1463 Sarki Luwi na 11 ya ba garin izinin cin babbar kasuwa sau huɗu a shekara, sai attajiran Italiya suka zo suka gina benaye masu hawa huɗu ko biyar. Su ne baƙi ke rububin kwana a ciki yau.

Abin da ya fi jan mutane shi ne hanyoyin da ake kira tarabul. Ka tura ƙofa kamar za ka shiga zauren wani, ka ratsa tsakar gida, sai ga ka a wani layi daban. A Yaƙin Duniya na Biyu ta irinsu 'yan gwagwarmaya suka riƙa ɓace wa sojojin Jamus. Har yanzu da mutane a gidajen, saboda haka a wuce shiru.

Unguwar ta taɓa lalacewa, har magajin gari Luwi Piradel ya so rushe wani sashenta a yi titi. Mutanen gari suka ce ba su yarda ba. A 1964 gwamnati ta sa ta ƙarƙashin dokar kariya, ita ce ta farko a Faransa, kuma a 1998 UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya.

Amma fa mai niyyar sauka can ya shirya. Gidaje da yawa ba su da na'urar hawa bene, sai matattakalar dutse mai murɗewa, ga akwati a hannu. Mota ba ta shiga yawancin lungunan. Da dare kuwa hayaniyar masu yawon buɗe ido kan hana barci, gara a nemi ɗakin da ke duban tsakar gida. Ana kuma ƙara ɗan harajin baƙi a kan kowane kwana.

Sai batun abinci. Ƙananan gidajen abincin da garin ya yi suna da su, wato bushon, naman alade ya yi yawa a girkinsu. Musulmi ya tambaya kafin ya sa hannu.