Birkin da Ke Ƙin Kamawa Jefi-Jefi

Duk wanda ya daɗe yana jan tsohuwar mota ya san wannan faɗuwar gaba. Ana cikin tafiya lafiya lau, ka kai ƙafa ka taka birki, sai ka ji ya zurma har ƙasa kamar ka taka auduga. Ka ɗaga ƙafa ka sake takawa, sai ya kama caf. Ka yi salati ka ci gaba da tafiya, har ka isa gida bai ƙara yi ba. Washegari ka kai ta gareji, bakanike ya shiga ya tattaka, ya zaga da ita bayan layi, ya dawo ya miƙo maka makulli yana cewa, "Alhaji, ai birkin nan garau yake. Ko dai ƙafarka ce ta zame?" Daga nan kai ma sai ka fara shakkar kanka.

Kada ka yi shakka, ruwa ba ya tsami banza. Birki ba ya warkar da kansa. Abin da ya tayar da cutar ne ya wuce, ita kuwa tana nan kwance tana jiran ya dawo. Motocin da ke ɗaukar yawancinmu, su Golf 3 da Sharon da Hiace da tsofaffin Corolla 'yan Kwatano, da dama sun haura shekara ashirin. Golf 3 ma tun 1991 aka fara ƙera ta. A wannan tsufa roba ta gaji, ƙarfe ya yi tsatsa, kuma kayan da suka gaji ba sa mutuwa rana ɗaya, sukan yi ta faɗuwa suna tashi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Wannan daƙiƙa ɗaya da ka ɓata wajen sake taka birki ta ishe ka shiga ƙarƙashin tirelar da ke gabanka.

Da yake matsalar takan ɓuya idan an zo gareji, direba ne kaɗai shaida, kuma ingancin gyaran ya rataya a kan ingancin shaidarsa. "Birkina yana ƙin kamawa" bai isa bayani ba. Yaushe ya yi? Da sanyin safiya ne ko bayan doguwar tafiya? A gangara, ko a tsaye a danja, ko bayan an sha kwana? Da ka taka, laushi ya yi ya nutse, ko tauri ya yi kamar dutse? Motar ta ja gefe ɗaya? Ka ji ƙauri? Kowace amsa tana nuna wani wuri daban.

A fara da wanda ya fi yaudara, wato birkin da ke shanyewa idan mota ta yi zafi, ya dawo daidai idan ta huce. Nan man birki ake fara tuhuma. Wannan mai yana da ɗabi'ar zuƙar laima daga iska, sannu a hankali, ta murfin gwangwaninsa da ta jikin tiyo. Sabon mai samfurin DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin Salsiyos, DOT 4 kuma 230. Amma da zarar ya sha ruwa kusan kashi 4 cikin 100, na farko yakan sauko zuwa wajen digiri 140, na biyu 155. To ka ɗauki mota cike da fasinja da buhuna tana saukowa Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, direba ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama bai ɗaga ba. Zafin da ke tashi a ƙafafun motar yakan ratsa har cikin man, ruwan da ke cikinsa ya zama tururi. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa yake isar da ƙarfin ƙafarka ga taya. Tururi kuwa matsuwa yake yi, sai ƙafa ta tafi ƙasa ba a tura komai ba. In aka tsaya rabin awa tururin ya koma ruwa, birki ya dawo kamar ba shi ba. Bakaniken da ya duba ta da safe ba ƙarya ya yi ba, ya dai duba motar da ta kwana ta huce.

Masu ƙera motoci da yawa suna cewa a zubar da man birki gaba ɗaya a zuba sabo duk shekara biyu. Mu kuwa ciko muka sani. Akwai motocin da tun da suka sauka daga jirgin ruwa ba a taɓa canza musu shi ba, ka buɗe murfi ka tarar da shi baƙi ƙirin kamar shayin da ya kwana. Wannan shi ne gyara mafi araha a duk harkar birki, kuma shi aka fi mantawa. A lura da bambanci ɗaya: idan a gangara birkin bai nutse ba, yana nan da ƙarfinsa a ƙafa amma motar ba ta tsayawa, ga ƙauri na tashi, to fatar birki ce ta ƙone. Jabun fata da ake sayarwa da araha ta fi saurin yin haka, kuma araha ba ta ado.

Sai masta, wato famfon da ƙafarka ke turawa. A cikinta akwai robobi da ke riƙe mai. Idan sun cinye, mai yakan zille ta gefensu ya koma baya a cikin mastar, ba tare da ko ɗigo ɗaya ya zuba a ƙasa ba. Alamarta ita ce kana tsaye a cunkoso, ƙafarka na kan birki a hankali, sai ka ji tana nitsewa kaɗan-kaɗan. Abin da ke ɓatar da mutane shi ne, idan aka taka da ƙarfi robar takan buɗe ta manne da bango ta riƙe mai. Shi kuwa yaron gareji da ƙarfi yake takawa. Don haka ka gwada da kanka: tayar da inji, mota na tsaye, ɗora ƙafa da matsakaicin nauyi, ka riƙe kamar rabin minti. In ta ci gaba da sauka, ko dai masta ta tafi ko mai na yoyo a wani wuri. Idan mai na raguwa a gwangwani amma ba a ga inda yake zuba ba, a sa bakanike ya kwance mastar ya duba bayanta, domin takan yi yoyo cikin busta inda ido ba ya gani.

Busta ita ce baƙar tukunyar nan da ke bayan masta, wadda ke amfani da zuƙar iskar inji tana ƙara wa ƙafa ƙarfi. Ita alamarta tauri ne. Tiyonta ya tsage ko ɗan bawul ɗinsa ya fara maƙalewa, sai wani lokaci ka taka ka ji kamar ka taka gungume. Gwajinta ba wuya: kashe inji, taka birki sau huɗu ko biyar har ya yi tauri, riƙe shi a take, sannan ka tayar. In busta na da lafiya za ka ji ƙafarka ta ɗan sauka. A nan dole a yi magana da direbobin da ke kashe inji a gangara don tsimin fetur. Inji na mutuwa, abin da ya rage a busta bai wuce taki biyu ko uku ba.

Akwai kuma mai wuyar ganewa, wato tiyon roba da ke kai mai ga kowace ƙafa. Daga waje ka gan shi sumul, a ciki kuwa ya ruɓe, wani ɓallin roba ya zama kamar ƙyaure: mai ya shiga, ya kasa komawa. Sai fatar ta ci gaba da riƙe faifan birki bayan ka ɗaga ƙafa, ƙafar nan ta yi ta ɗaukar zafi, mota ta yi nauyi tana ja gefe, daga ƙarshe man ya tafasa. Kalifa, wato abin da ke matse fata a jikin faifai, ita ma idan ta cije saboda tsatsa haka take yi. Bayan tafiya, zaga ka kara hannu kusa da kowane wili, ba tare da ka taɓa ba don yana iya sale maka fata. Wanda ya fi sauran zafi shi ne mai laifi. Bakaniken kirki zai ɗaga ƙafar a jak tun da zafinta, ya sassauta noti mai fitar da iska. In tayar ta saki nan take, mai ne ya maƙale a tiyo ko daga masta. In ta ci gaba da cijewa, kalifa ce.

Wasu dalilan ba a cikin birkin suke ba. Boris ɗin ƙafa idan ya yi lako-lako, faifai yakan yi rawa a kwana ko a gargada ya ture fata baya, sai takin farko ya tafi a banza, na biyu ya kama. A motoci masu ABS, datti ko tsatsa a na'urar da ke ƙirga juyin taya kan ruɗa kwamfutar, ta ɗauka taya na zamewa, ta saki birki a daidai lokacin da kake dab da tsayawa. Za ka ji kakkarwa a ƙafa a kan busasshiyar kwalta. Fitilar da ke kamawa a gaban direba saboda haka, wasu cire mata ƙwai suke yi kafin su sayar da mota. Da damina kuma, in ka ratsa ruwa, birki mai durom yakan yi santsi. Ka ɗan tattaka shi a hankali har ya bushe kafin ka ɗauki gudu.

Abubuwa biyu da ake yi a tashoshinmu sun cancanci a kira su da sunansu, ganganci. Na farko zuba ruwan Omo a madadin man birki. Yakan kai mutum gari na gaba, amma ruwa a wajen digiri 100 yake tafasa, ga tsatsa da zai bari a masta da kalifa. Man inji ko man giya ya ma fi shi ɓarna, domin kumbura robobi yake yi, sai an sauya su duka. Shi ma DOT 5 ba a gauraya shi da DOT 3 ko DOT 4. Abin da aka rubuta a murfin gwangwani shi za a zuba. Na biyu toshe layin ƙafar da ke yoyo da ƙusa, a bar mota da ƙafa uku. Tun ƙarshen shekarun 1960 ake raba birkin mota gida biyu domin in ɗaya ya fashe ɗayan ya tsayar da ita. Mai toshe layi ya riga ya cinye wannan ajiya tun kafin ranar buƙata. In abin ya auku a ce tsautsayi ne, alhali da hannu aka buga ƙusar.

Idan ka je gareji, kai bayaninka dalla-dalla, ka ce, "Malam, sai ta yi tafiyar awa guda take yi, shiga mu je ka gani." Wanda ya ce a canza fata kawai tun bai ɗaga ƙafa ko ɗaya ba, canka yake yi da kuɗinka. A nemi ya duba ƙafafu huɗun, da tiyo, da bututun ƙarfen da ke bin ƙarƙashin mota, musamman a motocin da suka fito daga ƙasashen da ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, don tsatsa kan cinye su. Kafin a gano dalilin, kada a ɗauki fasinja ko iyali a hau babbar hanya da ita.

In kuwa birkin ya shanye maka kana cikin tafiya, ɗaga ƙafa daga totur, ka yi ta taka birkin da sauri sau da yawa, sau tari yakan tara ƙarfin da zai kama. Sauko da giya ɗaya bayan ɗaya inji ya rage gudun. Ja birkin hannu a hankali, yatsanka na kan maɓallinsa don ka iya saki in bayan motar ya fara juyawa. Kunna fitilun gargaɗi, yi ta hon, kuma kada ka murɗa makulli ka kashe inji, sitiyari zai yi nauyi, yana ma iya kullewa. Da motar ta tsaya, ka bar ta a nan ko da birkin ya dawo bayan ta huce, ka kira bakanike ya same ka ko a ja ta.